Idon Damisar Abba

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan azahar

Mun dawo da Abba gida daga asibiti. A kan kujera maƙwabta suka hau da shi bene, domin matattakalar gidanmu ko mai lafiya sai ya karkace yake hawanta. Bai ce musu sannu ba. Bai ce wa kowa komai ba tun ranar nan da ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma likita ya ce kada mu matsa masa. Likitan ya faɗi wasu abubuwan ma, ba zan rubuta su a nan ba.

Mahaifiyata, da muke kira Amma, ta yi masa shimfiɗa a ɗakin gaba inda iska ke shiga. Ana kwantar da shi ya sa hannun hagu ya ja jikinsa da ƙyar, ya juya ya fuskanci bango. Wannan shi ne Ustad Mofiz, wanda rabin kekunan riksha masu ɗaukar fasinja a Tsohuwar Dhaka ke yawo da zanen dawisunsa da damisarsa a bayansu, mutumin da in yana faɗa da yaran shago ake jiyo shi har bakin titi. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Amma ta ce, “Shiuli, je ki ɗora shinkafa, tsayuwa ba ta warkar da kowa.”

Ba lafiyar jikin ce kaɗai ke damuna ba. Tsorona kada ya zauna a cikin bangon nan ya ƙi fitowa.

Litinin, 7 ga Yuli, da safe

Bango yake kallo. Shayi ya huce a gefensa.

Talata, 8 ga Yuli, da yamma

Daga wurin aiki na biya na buɗe shagon da ke ƙasa. Warin fenti da kananzir ya tarye ni. Komai yana nan yadda aka bar shi. Gwangwanin jan fenti da ya kife ya bushe a ƙasa, na ɗauko buhu na rufe wurin.

Tutar ƙungiya tana rataye a jikin gora. Duk damina Abba ne ke zana wa Udoyon, ƙungiyar ƙwallon layinmu, sabuwar tuta saboda gasar unguwanni, kuma ’yan wasa ba sa shiga fili sai kowa ya shafe ta. Ta bana ta fi kowace kyau, ba don ubana ba ne. Damisa ce ruwan lemo mai baƙaƙen ratsi, ta ɗora ƙafa a kan ƙwallo, furen bado ya zagaye ta, dawisu biyu a sama suna baza jela. Komai ya gama, har gashin baki. Ido ne kawai babu. Farin gurbi biyu ne a fuskarta.

Haka ake yi a sana’ar: ido shi ne ƙarshe, kuma ustad, wato babban gwanin shagon, shi kaɗai ke sa shi. Na yi shekaru ina wanke masa buroshi, ina cike masa ganye da gashin tsuntsu, amma bai taɓa bari na matsa kusa da ido ba. Da na koma zanen kwamfuta a kamfanin buga riguna sai ya samu abin tsokana. “Hoton gilashi,” in ji shi. “Damisarki ba ta numfashi, uwata.” Rigar da yaran za su sa bana ni na tsara ta, na kwaso furanninsa na jera a kafaɗa. Ya juya ta gaba da baya ya ce ba laifi, ta yi kyau da shimfiɗar tebur.

Yau da zai sake faɗa mini haka, wallahi da na yi sadaka.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan la’asar

Chacha Jolil, wato Baffa Jolil, ya zo. Shi ne mai shayin bakin layi, shi ne shugaban ƙungiya, shi ne kuma abokin faɗan Abba tun suna yara. A goyon bayan ƙwallo Abba ɗan Brazil ne, Chacha ɗan Ajantina, duk da ba wanda ya taɓa wuce Chittagong a cikinsu. Lokacin gasar duniya kowa sai ya ƙara wa gorar tutarsa tsawo a kan rufi don ta fi ta ɗan’uwansa.

Ya shigo da ledar gurasar bakarkhani mai zafi, ya zauna a bakin gado yana haki.

“Kai, ɗan Brazil! Kwanciyar me kake yi haka? Ko koyi kake da ’yan wasanku, a ɗan taɓa mutum ya faɗi yana birgima?”

Ya ƙara matsowa kusa da kunnen Abba.

“To ka ji, in ba ka tashi ba zan hau rufinka in kafa shuɗi da fari. Bhabi, ki zama shaida.”

Amma, da yake kira Bhabi, wato matar ɗan’uwa, ta yi dariyar dole. Abba ko kafaɗa bai motsa ba. Chacha ya ci gaba da surutu har bakarkhanin ya huce, sannan ya miƙe. A matattakala ya tsaya ya fyace hanci ya daɗe, ya ce hayaƙin murhu ne ke damun idonsa. Daga nan ya rage murya.

“Uwata, jibi muna da wasa. Tutar fa?”

Na ce ba ta da ido.

“Ɗigo biyu ne fa. Ke ma ai ’yar gida ce.”

Na ce masa a’a. Ya ce to su tafi da ita haka, ai gara makauniya da babu.

Juma’a, 11 ga Yuli, bayan magariba

Sun ci ɗaya da nema, a cikin taɓo har gwiwa. Ban je ba, daga taga na jiyo ganguna. An ce magoya bayan ɗaya ɓangaren sun yi ta waƙa suna cewa a ba damisar Udoyon sanda da ɗan jagora. Na ji haushi ƙwarai, alhali da ni ce a wancan ɓangaren da da ni za a yi waƙar.

Na gaya wa Abba sun ci. Ban gaya masa waƙar ba.

Lahadi, 13 ga Yuli, da hantsi

Matar da ke motsa masa gaɓoɓi ta zo. Ta kawo ƙaramar ƙwallon roba ta sa masa a hannun daman da ya shanye, ta ce ya gwada matsawa. Ƙwallon ta gangara ƙarƙashin gado. Ta ɗauko ta mayar, ta sake gangarawa. Sai ya rufe ido, bai buɗe ba har ta tafi.

A bakin ƙofa ta ce mini jiki yakan saurari mai shi, in mai shin yana so. Ta ce makonnin farkon nan su ne masu tsada. Na ce na gode. Ban gode ba.

Litinin, 14 ga Yuli

Bango.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

Ashe Chacha bai haƙura ba. Jiya ya naɗe tutar a ɓoye ya kai wa Ustad Nitai, tsohon da ke zana allunan shaguna a bayan kasuwar masu awarwaro. Yau ya dawo da ita kamar kazar da ruwa ya ba kashi, ya zauna a shago yana ba ni labari.

Wai tsohon ya warware tutar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Mofiz ya rasu ne ba a gaya mini ba?”

Chacha ya ce subhanallahi, yana nan da ransa.

“To naɗe kayanka. Ba a sa ido a aikin ustad mai rai, sai in shi ya miƙa buroshin da hannunsa. Wanda ya sa ba da izini ba ya yi masa jana’iza ke nan. Kai mai shayi ne, in na shigo na zuba sukari a tukunyarka kana tsaye, me na mayar da kai?”

Chacha ya ce ko ruwa tsohon bai ba shi ba. Na san ana cewa ido na ustad ne, amma ban taɓa jin dalilin a fili haka ba. Da na biye wa Chacha ranar Laraba fa? Da ni ce na yi wa ubana jana’iza.

“Ni fa ba mugunta nake nufi ba,” in ji Chacha. “Yara ne ke jin kunya a fili.”

Na ce na sani. Na haɗa masa shayi, ya kurɓa ya ce wannan ruwan wanke kofi ne, amma ya shanye.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan azahar

Tun asuba ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Layinmu ya zama kogi, ruwa ya shiga shago har idon sawu, rufin baya kuma yana yoyo daidai kan gorar da tutar take. Na kwaso ta na hau da ita sama ina neman inda zan shanya. Ɗakin girki hayaƙi, ɗakina bangon ya jiƙe.

Amma ta karɓe ta daga hannuna. Ta ɗauko ƙusa da dutsen niƙan yaji, ta haye kan gadon Abba, ta tsallake ƙafafunsa, ta buga tutar a bangon da yake kallo. Daidai hancinsa.

Na ce, “Amma!”

Ta ce, “Nan ne kaɗai busasshen bango a gidan. In wani yana da magana ya faɗa.”

Ta sauko tana karkaɗe hannu, ta koma kan khichurinta, dafa-dukan shinkafa da wake. Na daɗe da sanin uwata ba kanwar lasa ba ce, amma yau na sara mata. Yanzu dabara ta rage wa mai shiga rijiya: ko ya kalli damisarsa marar ido, ko ya juyo ya kalle mu.

Ya rufe ido. Sai dai da na kawo abinci na tarar a buɗe suke, yana bin ratsin bayanta ɗaya bayan ɗaya.

Juma’a, 18 ga Yuli, da yamma

Da aka zo ɗaukar tutar za a kai fili, ya yi wani sauti a maƙogwaro. Ba magana ba ce, amma sauti ne, kuma na rantse na haushi ne. Sun sake ci. An dawo da ita da feshin taɓo a gefe, na goge da tsumma a gabansa, a hankali, yana kallon hannuna kamar mai jiran in yi ɓarna.

Ya ci khichuri kaɗan. Amma ta ce kada in yi murna da ƙarfi, kada ya ji ya fasa.

Asabar, 19 ga Yuli, da safe

Ban san ko bango yake kallo ko damisa ba. Na zaɓi in ce damisa.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan la’asar

Chacha ya tare ni a bakin rumfarsa, fuskarsa tana ƙyalli kamar wanda ya tsinci kuɗi.

“Uwata, zauna. Na kwana ina tunani. Nitai cewa ya yi ba a sa ido da buroshi, ko?”

Na ce haka ne.

“To wa ya ce buroshi? Injinku na ofis ba yana buga sitika ba? Ki buga mana ido biyu mu manna. Sitika ai ba fenti ba ce. In an gama wasa a ɓare. Ba a yi wa kowa jana’iza ba, damisa kuma ta ga hanya.”

Masu shan shayi suka kama muhawara. Wani direban riksha ya ce wannan wayo ne irin na Ajantina, a ci da hannu a ce da kai ne. Chacha ya kore shi da ludayi. Wani ya ce a tambayi liman, aka ce liman ɗan Brazil ne, ba zai yi adalci ba.

Na ce zan duba. Gaskiya na gaji. Na gaji da waƙar sanda da ɗan jagora, na gaji da farin gurbin nan biyu da nake gani duk safiya. Kuma can ƙasan raina ina so in ga ko zan iya.

Laraba, 23 ga Yuli, da yamma

Dole in rubuta wannan.

Na zana idon a ofis lokacin cin abinci. Na ba shi lokaci sosai: ruwan zuma a tsakiya, baƙin kwalli a gefe, ɗan farin ɗigon haske a sama. Da na gama na dama sai na kwafe shi na juya ya zama na hagu, yadda muke yi kullum don su zo daidai. Na buga, na yanke da almakashi.

Na dawo na tarar idonsa a rufe. Na haye gadon a hankali kamar ɓarauniya, na manna na farko, na manna na biyu, na sauko na ja da baya. Ni dai a ganina sun yi kyau. Damisa ta zama damisa.

Sai na ji daga kan gado, da wata murya mai kauri kamar an ja tebur a ƙasa:

“Jaka.”

Na duba. Idonsa a kaina, jajur.

“Ja... ka!”

Amma ta fito daga ɗakin girki da ludayi a hannu. Ta ce, “Me ya ce?” Na ce, “Ya ce ni jaka ce.” Ta ce, “Alhamdulillahi!” Ta zauna a ƙasa daɓas ta rufe fuska da gefen zanenta na sari. Ni kuma ina dariya ina kuka, har majina. Duk duniya ba a taɓa zagin wani ya ji daɗi irin wanda na ji yau ba.

Shi kuwa bai ga abin dariya ba. Ya miƙa hannun hagu yana nuna tutar yana huci, sai da na ɓare su duka biyun na ba shi. Ya riƙe su a kan ƙirji, bai yar ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, da safe

Na ɗauka don na karya al’ada ne ya zage ni. Ashe har da wani abin.

Da na kawo shayi ya sa na ɗora sitikun a kan tire, gefe da gefe. Ya ɗora yatsa a kan farin ɗigon na dama, sannan na hagu. Ya nuna taga. Bakinsa ya yi ta kokawa, ni kuma na cije leɓe don kada in taya shi, domin matar nan mai motsa gaɓoɓi ta ce a bar shi ya nemo da kansa.

“Rana,” ya ce. Ya huta. “Ɗaya.”

Sai na gani. Da na juya idon, ɗigon hasken ma ya juya: na dama yana dama, na hagu yana hagu, kamar damisar tana tsaye tsakanin rana biyu. Rana ɗaya ce, dole hasken ya faɗo ta gefe guda a idanun duka. Shekara nawa ina wannan aikin, ana biyana albashi, ba wanda ya taɓa lura, har ni.

Na ce, “To ai sai ka gyara, Ustad.”

Ya harare ni. Ya shanye shayin tas, ya miƙo kofin a ƙara.

Juma’a, 25 ga Yuli, bayan magariba

Sun kai wasan ƙarshe! Da makauniyar damisa! Juma’a mai zuwa za su kara da ’yan hayin kogi. Chacha ya hau bene muryarsa a dishe, ya ce wa Abba, “Na ji an ce bakinka ya buɗe. To zage ni mana, ko ni ban kai ba?” Abba ya dube shi sama da ƙasa ya kau da kai. Chacha ya ce wannan rainin ya fi zagi ciwo, kuma ya karɓa.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan azahar

Shi ya nuna a kawo. Na hau da fallen kwano ɗaya irin wanda muke zane a kai, da ƙaramin buroshi, da baƙin fenti. Muka jingina shi da matasai. Ya kalli ɗaya hannun ya daɗe, yana kwance a kan cinyarsa kamar ba nasa ba, sannan ya karɓi buroshin da hagu.

Da’ira kawai yake so ya yi. Mutumin da ke zana jelar dawisu da jan hannu ɗaya yana hira. Layin ya tafi a karkace, ya yi rawa, fenti ya zubo. Ya sake. Ya sake. Na ce ya yi kyau, wannan ne kuskurena. Ya ɗaga kwanon ya yi jifa da shi, ya bugi ƙofa, ƙarar ta sa jaririn maƙwabta kuka.

Bai ci abincin rana ba.

Litinin, 28 ga Yuli

Ya rufe ido tun safe. Ko damisar ba ya kallo. Ni na jawo, da bakina mai saurin yabo.

Talata, 29 ga Yuli, da yamma

A ofis na ɓata aikin mutane, na sa lambar waya a juye. Ban iya cin komai ba. Ina ta tunanin gara ma da bai gwada ba, domin da can bai san iyakar abin ba, yanzu ya gani da idonsa.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan la’asar

Ina kan matattakala na jiyo Amma tana magana a ɗakin gaba, sai na tsaya. Ba ta ɗaga murya ba. Tana tsince shinkafa tana yi.

“Lokacin da aka kawo ni gidan nan, dawisun da kake zanawa kamar kaza mai mura yake. Ustad ɗinka ya sha jefa maka kwano, ni nake tsincewa. Ban ga ka kwanta ka juya wa mutane ƙeya ba. Yanzu don an ce ka koma aji ɗaya shi ne za ka yi mana fushi? Allah ya karɓi ɗaya ya bar maka ɗaya. Yarinyar nan ta rame, ko ba ka gani? Ni ba damisa ce ta dame ni ba, ta shekara ba ido. Ni mijina nake so ya juyo in na shigo ɗaki.”

Gadon ya yi ƙara, alamar ya juyo. Sai na ji ta ce, “To. Haka ya fi.”

Na koma ƙasa na zauna a shago har fuskata ta bushe.

Alhamis, 31 ga Yuli, da yamma

Ya sa an mayar masa da kwanon. Bai yarda in zauna ba, ya nuna mini ƙofa. Daga waje ina jin ƙarar buroshi a bakin gwangwani, da tsaki, da tsaki kuma. Chacha ya aiko a tambaya, na ce a gaya masa gobe su zo su ɗauki tutarsu yadda take, kada wanda ya yi wa Abba maganar ido.

Juma’a, 1 ga Agusta, kafin a tafi masallaci

Da hantsi ya ce, “Sauke.” Muka sauke tutar muka shimfiɗa a kan katakon cin abinci, muka ɗora masa a cinya. Ni na dama fentin, ya sa na ƙara ja a cikin ruwan zumar har sau biyu. Amma ta riƙe masa kafaɗa ta baya.

Ya yi bisimilla a ransa, na ga leɓensa. Ya fara da idon hagu. Ya daɗe ƙwarai. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa ina tarewa da tsumma kada ya faɗa wa tutar. Da’irar ba ta rufe daidai ba, gefe ɗaya ya fi kauri, kwallin ya ɗan zarce kamar na macen da ta yi kwalliya a cikin riksha. Ban ce ya yi kyau ba. Na koyi hankali. Ya ɗiga farin hasken, ya jingina yana numfashi sama-sama.

Na jira ya huta ya yi na biyun. Sai na ga ya juya buroshin, ya kama wajen gashin, ya miƙo mini ƙotar.

Na ce, “Abba, ka huta tukuna, akwai lokaci.”

Ya girgiza kai. Fenti yana bin yatsunsa.

“Karɓi, uwata.”

Na san abin da ake nufi da wannan miƙon, shi ma ya san na sani. Na ji tsoro, na ce a raina ko sallama yake yi da sana’ar. Na dube shi. Ba fuskar mai sallama ba ce, fuskar nan ce ta mai jiran in yi kuskure ya samu abin faɗa. Na karɓa da hannu biyu.

Ban taɓa jin buroshi ya yi nauyi haka ba. Da na zo kan ɗigon haske na tsaya, na kalli nasa, na sa nawa ta gefe guda. Ya leƙo, ya daɗe.

“Ƙarami,” ya ce.

Gaskiyarsa, nawa ya fi nasa ƙanƙanta. Yanzu Amma tana tsaye a kan tutar da mafici, fanka tana juyawa, muna roƙon Allah fentin ya sha iska kafin la’asar.

Juma’a, bayan magariba

An cinye mu a bugun fenariti. Na je, na tsaya cikin ruwa a bayan raga, na yi ihu har muryata ta tafi. Da aka ɗaga tutar filin ya ɗauka, domin duk unguwa ta ji labarin wanda ya sa idon. ’Yan hayin kogi sun fara waƙar sanda, suka duba da kyau, suka canza ta zuwa damisa mai harara. Wannan ban ji haushinta ba.

Chacha ya zo gida jiƙe sharkaf, ya zube a bakin gado.

“Kai ka ja mana, ɗan Brazil! Ido ɗaya babba ɗaya ƙarami, golanmu ya kalle ta ya rasa ta ina zai faɗi!”

Abba ya buɗe baki, muka yi tsit.

“Ajan... tina,” ya ce, ya nuna ƙasa da babban yatsa.

Chacha ya yi dariya har ya ƙware, ya rungume kan Abba yana cewa, “Ɗan banza, ɗan banza, ka dawo.” Amma ta ce su bar mata gado kada su karya.

Lahadi, 3 ga Agusta, da safe

Kafin in fita aiki ya sa na ɗora masa sabon fallen kwano. Tsuntsu yake so ya zana, ina jin dawisu ne. Abin da ya fito ya fi kama da kwaɗon da mota ta taka. Ɗaya hannun yana nan yadda yake, kuma wataƙila haka zai zauna, yau na iya rubuta wannan.

Ya riƙe kwanon nesa da fuskarsa yana kallo. Na matsa kusa da ƙofa, ko zai yi jifa. Ya yi tsaki, ya ajiye shi a gefen gado a hankali, ya tsoma buroshin a kananzir.

“Kawo wani,” ya ce.